Roba a Cinyar Baban Shahida

Daga ƙofar gidanmu a Nyohini zuwa ƙofar masallacin unguwa taku sittin da ɗaya ne. Ni na ƙirga da ƙafata, har sau biyu, don kada in yi wa mutumin ƙarya. Mutumin shi ne maigidana. Sunansa Yidana, na faɗa sau ɗaya don ku san shi, amma Baban Shahida nake ce masa tun da aka haifi 'yarmu ta fari, wadda yanzu take aure a Kumasi. Ni kuma Azeta, mai koko da ƙosai a bakin titi. Duk wanda ya san ni ya san bakina ba ya jiran a ba shi izini.

Shekara ashirin da shida yana dakon kaya a Tamale, goman ƙarshe a kan motokin, babur ɗin nan mai ƙafa uku da akwati a baya. Doya, buhunan masara, kwanon rufi, har gado da katifa. Abin alfaharinsa guda ne: kayansa bai taɓa zuba a titi ba. Da kansa yake yanko robar cikin tsohuwar taya, dogo-dogo, ya ja ta har ta yi ƙara, ya zagaya, ya soke bakin ta ƙasa. Wannan ɗaurin, ko a ramin hanyar Vittin ka faɗa ba ya motsi. Shi ya koya mini, don in riƙa ɗaure tukunyar koko a bayan babur, kuma na iya fiye da yadda ya zata.

Wata safiyar Talata yana alwala buta ta suɓuce masa. Na buɗe baki zan yi masa tsiya, sai na ga bakinsa ya karkace. Hawan jini ne ya buge shi, ɓarin hagu ya shanye. Bayan wata uku ga abin da ya rage mana: hannun hagu ya tafi gaba ɗaya, magana ta dawo rabi, a hankali kuma can ƙasa-ƙasa, ƙafa ta dawo amma ba ta da juriya. Taku tara yake yi da sanda, a na goma cinyar ta kama rawa, gumi ya keto masa, sai a tare shi kafin ya zube. Kullum lasifikar masallaci na kiran salla a kan kunnensa, shi yana zaune a kujerar roba yana yi da ishara. Wannan ya fi ciwon cin ransa.

A sashen motsa jiki na asibiti muka haɗu da Sista Charlotte, 'yar kudu ce daga bakin teku, gajeruwa, mai Hausar kasuwa wadda ba ta san mace da namiji ba. Kowa kai ne a wurinta. Ita ta fito da wata ɗamara mai faɗi irin ta awon jini, da ƙwallon roba da ake matsawa iska ta shiga, da agogo mai allura. Na ce mata me za a yi da wannan a cinya, ai ba nan ake awon jini ba.

"Mma Azeta, kai zauna ka gani," in ji ta. "Ƙafan Baba ba zai iya ɗaukan nauyi babba ba. To mun rage jini da yake tafiya kaɗan, kaɗan kawai. Sai nama ya ji kamar ya ɗauki kaya babba, amma ƙarami ne. A hankali ya yi ƙarfi, gajiya ya ragu."

Ba haka kawai take ɗaurawa ba. Sai ta fara shafa wani mai a idon sawunsa, ta ɗora wata 'yar na'ura mai kamar alƙalami, sai ka ji jinin mutum yana tafiya da kunnenka: fush, fush, fush. Ta hura ɗamarar har sautin ya ɗauke, ta rubuta lambar, ta saki nan take. Sannan ta sake hurawa ƙasa da rabin wannan lambar. Ya ɗaga ƙafa, ya sauke, ya ɗaga, ya sauke. Minti biyar, idonta a kan agogo, ta saki. Kullum haka, ba ta ƙara ko daƙiƙa.

Kuma ta faɗa mana. Ba zan ɗora mata ba, wallahi ta faɗa. Ta riƙe hannuna ta ce, "Kar ku gwada wannan a gida. Ƙafan nan ba ya jin zafi kamar da. Idan abu ya lalace, ba zai gaya maka ba." Na ce to, mun ji. Har da cewa ai mu ba yara ba ne.

Abin ya yi aiki, shi ne matsalar. Tara ta zama sha biyar, sha biyar ta zama ashirin da shida. A mako na bakwai ya yi taku talatin da takwas a tsakar gida, ni ina ƙirgawa da ƙarfi, matan gidan hayar suna guɗa. Ya tsaya yana haki yana dariya da rabin bakinsa. Ya ɗaga yatsu yana lissafi, na ce saura ashirin da uku, Baban Shahida. Azumi saura mako uku. Ya ce da ƙafarsa zai shiga sahu ranar farko.

Sai uban Sista Charlotte ya rasu. Kun san jana'izar mutanen kudu, ba irin tamu ba ce ta yini guda. Kwana goma sha biyu za ta yi. Wanda ya riƙe mata aiki ya ce shi ba a koya masa aikin ɗamarar ba, ba zai taɓa ba, sai motsa jiki kawai. Gaskiyarsa, amma a lokacin har zaginsa na yi a zuciyata.

A kwana na biyar takun ya sauko talatin da ɗaya. Wataƙila zafin rana ne, wataƙila bai yi barci ba, ban sani ba. Shi dai tsoro ya shige shi. Ya zauna yana kallon ƙusar da ke jikin bango, inda robobinsa na ɗaurin kaya suke rataye tun ranar da ya faɗi. Ya nuna mini da haɓa. Na ce a'a. Washegari ya sake nunawa, na ce masa in ka ga na taɓa robar nan to ba ni ba ce. A rana ta uku bai nuna komai ba, kawai na shigo na tarar hawaye na bin fuskarsa. Shekara talatin muna tare, ko ranar da uwarsa ta mutu ban ga haka ba.

"Yana... tafiya," ya ce, yana bugun cinyar da hannun dama. "Ƙarfin... yana tafiya, Azeta."

Na ciro robar. Na naɗe masa wando, na zagaya cinyar daidai inda Sista take sa tata, na ja, na soke bakin ta ƙasa. Ɗaurin kaya na yi, don shi kaɗai hannuna ya sani. Ba ni da agogo mai allura, ba ni da na'urar jin jini, na dai ce a raina ai matsewa matsewa ce. Na duba waya, minti biyar, na kwance. Lafiya lau. Washegari ma lafiya lau. Har na fara jin kaina wata likita.

Rana ta uku Alhamis ce. Kwana tara rabonmu da ruwa a famfo. Na dawo daga sayar da koko, sha ɗaya saura kwata na ɗaura masa, ya fara ɗaga ƙafa, rediyo na ta surutu a gefensa. Ko minti biyu ba a yi ba na ji ihu daga waje: "Ruwa ya zo! Ruwa ya zo!" Gidan ya watse, kowace mace da galan huɗu a hannu. Duk wanda ya zauna a garin nan ya san ruwa in ya zo ba ya sallama kafin ya koma. Na ce masa, "Bari in sa galan a layi kawai, yanzu zan dawo." Ya gyaɗa kai. Wayar ma a kan tabarma na bar ta.

Da layin kawai na sa na juyo, da ba ni da labarin ba ku. Amma ina juyawa na ga Maltiti, maƙwabciyarmu mai kai ruwa gidaje da motokin ɗin mijinta, ta sa ƙafa ta ture galan ɗina ta jera nata goma sha biyu a gaba. Kai! Jinina ya hau. Na ce ke, ubanki ne ya haƙa famfon? Ta ce tun asuba ta ajiye dutse a wurin. Na ce dutse ne zai sha ruwan? Ta tono maganar akuyarta da na jefa bara, na tono maganar kwatarta da ke bi ta ƙofarmu. Mata suka rabu biyu. Aka raba mu, muka koma. Na rantse ba zan gusa ba sai na cika nawa, ko da tana cika biyu ina cika ɗaya, kuma na tsaya, na cika shida ɗaya bayan ɗaya da ruwan da ke zuba siriri, ina huci, ina jin daɗin na ci nasara.

Ina ɗaga galan na shida aka kira azahar.

Ban san yadda zan gaya muku abin da na ji ba. Sai a lokacin na tuna da robar da ke cinyarsa. Na saki galan ɗin ya fashe a ƙasa, na kwasa da gudu, zanina a hannu, ina salati da ƙarfi kamar mahaukaciya.

Ba ya kan kujera. Kujerar na kife, rediyo na ta magana. Can na gan shi a ƙasa, kusa da ƙofar madafa, ya ja jiki da gwiwar hannu ɗaya, wuƙa yake nema bai kai ba. Faratan hannunsa na dama biyu sun karye, da jini. Ya yi ta ƙoƙarin kwance ɗaurin, amma ɗaurin nan hannu biyu yake so, ɗaya ya ja ɗaya ya zare, shi ya fi kowa sani. Da ya ja da hannu ɗaya ƙara matsewa ya yi. Ya yi kira har muryarsa ta ƙare, wa zai ji shi, duk gidan na bakin famfo suna kallon faɗana.

Na dubi ƙafar. Ta kumbura, ta yi baƙi-baƙi mai shuɗi, faratan sun yi toka. Na taɓa, sanyi kamar gindin randa. Na mintsine ta da ƙarfi, ina kallon fuskarsa. Ko ƙiftawa bai yi ba. Idonsa kawai ke kaina, ba fushi a ciki, tsoro ne zalla, kuma da fushin ne da ya fi mini sauƙi.

Na kai hannu in kwance, robar ta nutse cikin nama, yatsuna ba sa shiga. Na rarumi waya na kira Sista Charlotte. Ta ɗauka, ƙahonni da ganguna na tashi a bayanta, ranar ake rufe ubanta. Na ce, "Sista, na ɗaure shi da roba, na manta."

Na ji ta yi ihu da yarensu. Sai kiɗan ya yi nisa, ta fita daga taron. "Wane lokaci ka ɗaura? Mma Azeta, wane lokaci?"

"Sha ɗaya saura."

"Yesu! Yanke shi yanzu. Yanzu! Kar ka matsa ƙafan, kar ka sa ruwan zafi, kar ka shafa komi. Yanke, kai shi asibiti, gaya musu awa nawa. Kar ka ɓoye awa, ka ji ni?"

Na ɗauko reza a kan taga. Na kai kusa da fatar na kasa, gani nake jijiya zan yanke ya mutu a hannuna. Ina nan durƙushe sai na ji an banko ƙofa.

"Ke Azeta, ni za ki fasa wa galan a ƙafa ki gudu? Yau sai..."

Maltiti ce, ta biyo ni ta ƙarasa faɗan. Ta dubi ƙafar, ta dube ni. Ta fizge rezar, ta tura bayan cokali tsakanin roba da nama, ta yanka a kan cokalin. Robar ta tsinke da ƙara ta daki bango. Inda ta kwanta ya yi rami zagaye da cinyar, fari fat, sannan ya fara yin ja. Baban Shahida ya saki wani nishi da ban taɓa ji daga bakin mutum ba.

"Kama kafaɗarsa," in ji Maltiti.

Motokin ɗinta na ƙofar gida, cike da galan goma sha biyu, ruwan da muka kusa kashe juna a kansa. Ta hau ta yi ta turo su ƙasa, suna faɗuwa suna fashewa, ruwan kwana tara yana bin kwata. Muka shimfiɗa shi a kan tabarma a cikin akwatin, na ɗora kansa a cinyata. Ta ja mu cikin garin da tsakar rana, tana danna ham tana zagin masu babura su kauce. Ni ko hanya ban kalla ba. Yatsun ƙafarsa nake kallo, ina roƙon Allah ko ɗaya ya motsa.

A ɗakin gaggawa wani likita siriri mai gilashi ya tare mu. Ya ce awa nawa. Bakina ya so ya ce rabin awa, na tuna maganar Sista, na ce kusan biyu. Ya dube ni ta saman gilashin. Suka sa masa ƙarin ruwa, suka ɗebi jini, suka ce sai sun sa ido a kan ƙodarsa, don jinin da ya daɗe a tsare yana iya dawowa da guba. Sannan likitan ya ce, a hankali, kamar yana gudun kada kalmar ta faɗo mini a ka:

"Mma, za mu duba ko jini na kaiwa ƙasa. In ba ya kaiwa, akwai maganar da za mu yi da ku a kan ƙafar."

Na san maganar. Baban Shahida ma ya sani, na ji hannunsa ya damƙe nawa.

Aka kawo 'yar na'urar nan mai kamar alƙalami, irin ta Sista. Ya shafa mai a idon sawu, ya ɗora. Shuuu kawai, kamar rediyon da ba ta kama tasha ba. Ya gusa. Shuuu. Ya koma saman ƙafa, ya danna, ya karkata. Ba komai. Maltiti na bayana tana jan salati. A raina ina cewa ni na yanke masa ƙafa, ni, a kan galan shida. Likitan ya ƙara mai, ya koma bayan idon sawu, ya rufe ido yana saurare.

Fush.

Na zata kunnena ne. Sai kuma, can ƙasa, a raunane: fush... fush... fush. Likitan ya saki numfashi. Ni na zame na zauna a kan siminti, na fashe da kuka irin na yara, ban damu da wa ke kallo ba.

Da ya gama rubutu ya ɗauki guntun robar da Maltiti ta taho da shi, ƙullin na nan daram. Ya ce, "Wa ya ɗaura wannan?"

Kafin in buɗe baki, Baban Shahida ya ɗaga yatsa ya nuna ƙirjinsa. "Ni," ya ce. "Ni... na ɗaura."

Likitan ya dubi ƙullin, ya dubi hannun hagun da ke kwance a kan gado kamar ba nasa ba. Na ce, "Likita, ƙarya yake yi. Ni ce. An hana mu, na yi, na tafi faɗa na bar shi." Tunda nake ban taɓa faɗar gaskiyar da ta yi mini ɗaci kamar wannan ba.

Kwana shida muka yi. Ƙoda ta tsira, ƙafa ta tsira, ba a yanke ba. Amma robar ta danne jijiya. Tafin ƙafar ya saki, in ya ɗaga sai yatsun su rataya ƙasa su ja siminti. Sista Charlotte ta dawo da baƙin zaninta na makoki, ta zo har gadonsa. Na shirya ta wanke ni tas, har so nake ta yi. Ba ta yi ba. Ta daɗe tana juya ƙafar, ta ce jijiyar wataƙila ta farfaɗo, wataƙila ba za ta farfaɗo ba, ba wanda zai rantse. Ɗamara kuwa babu ita a wannan cinyar sai bayan watanni, in ma za a sake. Ta sa aka yi masa wani takalmin roba mai tauri da zai riƙe tafin. Da za ta fita ta dafa kafaɗata ta ce, "Kai ci abinci, Mma Azeta." Shi ke nan.

Azumi ya zo ya wuce yana salla a kujerar roba. Kowane kiran salla a ƙirjina yake sauka. Na roƙe shi gafara har ya gaji, ya ce in na ƙara zai daina cin tuwona.

Jiya da hantsi ya ce in miƙo sanda. Na ɗaura masa takalmin, na tsaya a ɓarin hagu. Ya miƙe, ya ce, "Ƙirga." Ɗaya. Biyu. A waje aka kwarma ihu ruwa ya zo, matan gida suka yi ta fita da galan, Maltiti ta leƙo ta kwashi nawa. Uku. Huɗu. Cinyar ta kama rawa, na tare shi, na zaunar da shi.

Ya daɗe yana haki, yana kallon ƙofar gida. Sannan ya ce, "Saura... nawa?"

Na ce, "Hamsin da bakwai, Baban Shahida."

Ya gyaɗa kai, ya share gumi da hannun dama, ya sake miƙo hannu a ba shi sandar.